Motar da Take Rawa a Hanyar Maraɗi

A cikin garin Tasawa motata ba ta da laifi ko ɗaya. Daga gida zuwa lakwal inda nake koyarwa, daga lakwal zuwa kasuwa, tafiya take yi sumul kamar ba tsohuwa ba. Sai an fita gari an hau gudoron Maraɗi, wato kwalta, allura ta taɓa tamanin, sannan take nuna halinta. Sitiyari ya fara ɓari a hannuna, madubi ya ɗauka, makullan da ke rataye su kama kaɗe-kaɗe. In na kai casa'in har haƙorana sai sun san ana tafiya. In na sauko sittin kuwa shiru, kamar an yi ruwa an ɗauke. Na yi wata da watanni ina fama da wannan rawa, kuma ban tuna wani abu da ya taɓa gajiyar da ni kamarta ba.

Da don ni kaɗai ne, da na bar ta ta yi ta rawarta har ta gaji. Amma mahaifina nake ɗauka. A shekarar nan ciwon mafitsara ya kwantar da shi a ƙauyenmu, can ƙasar Kanan-Bakashe. An sa masa roba da jakar fitsari, ciwon kuma ya riga ya taɓa ƙashin bayansa. Kowane wata ana son ganinsa a asibiti a Maraɗi, a canza robar, a yi masa allura. Nakan je in ɗauko shi da yamma ya kwana a gidana, mu kama hanya bayan asuba. Likitan yana ganin waɗanda suka zo da wuri ne, in rana ta ɗaga sai a ce a dawo wani makon. Baba ba ya fita sai ya yi sallah ya gyara jikinsa, gyaran jikin mai roba kuwa ba abin gaggawa ba ne. Ba ya kuma yarda ya kwana gidan kowa a Maraɗi da jakar nan a jikinsa. Saboda haka abu biyu ne a gabana duk wata: in yi gudu motar ta girgiza masa ƙashi, ko in lallaɓa mu rasa likita.

Baba mai amalanke ne tun kafin a haife ni. Da shanunsa biyu ya yi ta kai gero da wake da karan dawa kasuwannin mako, har Mayahi, ya ciyar da mu, ya sa ni lakwal a lokacin da sauran iyaye suke ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Babban abokin gabarsa a duniya ƙaya ce. Hanyoyinmu rairayi ne da aduwa da farar ƙaya, tayar amalanke kuwa tsohuwar tayar mota ce wadda masu mota suka gama da ita. Yana da haɗinsa na maganin ƙaya da yake alfahari da shi: ƙaron dakwara a jiƙa, a zuba toka, a tsittsinka auduga a ciki, a dama har ya yi kauri kamar kunu, a ɗura ta bakin iska. In ƙaya ta huda, haɗin ya bi ramin ya toshe. Ina yaro ni ke riƙe masa mazurari, warin abin kuma har yau yana hancina. Da na sayi mota sai ya zagaye ta sau ɗaya, bai dubi kujeru ba, bai dubi inji ba, ya tsuguna ya matsa tayoyin da babban yatsa ya ce ba laifi.

Rawar ba da ita na sayi motar ba. Ta fara ne bayan wata tafiya ta rani da ba na son tunawa. Na ɗauko Baba, ba mu yi nisa da ƙauye ba ƙaya ta sace mana iskar tayar gaba. Na sa jak, jak ya nutse a rairayi. Na nemi dutse, babu dutse a ƙasarmu sai ka yi tafiya. Da na ciro safaya, tayar ajiya, na tarar ita ma ta kwanta. Na shimfiɗa wa Baba tabarma a gindin wani gawo, ya jingina yana riƙe da jakarsa a ƙarƙashin riga, yana kallona ina gumi ina zage-zage a ciki. Wani mai babur ne ya taimaka ya kai tayar aka yi faci. Kafin mu isa Tasawa Baba ya galabaita, washegari bai iya tashi ba, muka rasa likita. Da na mai da shi gida sai ya dube ni.

"Ƙaya ba ta sake yi muna haka, in Allah ya so," in ji shi.

Na ce amin, na ɗauka addu'a ce kawai.

A wata na gaba, muna wuce Gazawa na taka mai, sitiyari ya fara motsi kaɗan-kaɗan. Na ce hanya ce. Wata na bayansa abin ya zama na gaske. Baba yana kwance a kujerar baya, kansa a kan matashi, ina jin yadda yake jan numfashi ta haƙora. In na rage gudu sai ya ce in tafi kawai kada mu makara. In na ƙara sai in ga hannunsa a madubi ya damƙe gefen kujera.

Na kai ta wurin makanikena, wani dattijo mai gareji a bayan tasha, wanda ya fi kowa iya magana da tabbaci a kan abin da bai gani ba. Matsalar ita ce ba ya iya ganin rawar, don ba ta zuwa gareji. Sai mun fita gari tare, ni da shi, mu nemi inda hanya ta miƙe babu rami babu jakai, mu ƙona isansi, wato man mota, don kawai ya ɗora hannu a sitiyari ya ji.

"Mushe, wannan rotil ne," ya ce. Mushe ake ce wa malamin lakwal a wajenmu, rotil kuwa gaɓar ƙarfen da ke juya tayar gaba. "Ko a barci na san shi."

Aka canza. Muka fita gwaji, tana taɓa tamanin ta ce ga ni nan.

"To, ai na hwaɗa maka," ya ce, ko kunya babu. "Rotil ɗin ya ɓoye muna amotisa ne. Yanzu ga ta ta hito hili."

Aka canza wannan ma, wato ƙarfen da ke shanye girgizar ramuka. Sannan ya koma kan birki, daga birki ya koma kan ƙafafun inji. Motar ta zama sabuwa ta ƙasa, rawarta kuma tana nan yadda take. Ban ce mugun mutum ba ne. Duk abin da ya cire ya nuna mini, kuma duk sun tsufa da gaske, amma a mota irin tawa in tsufa kake nema ba za ka rasa ba.

Daga nan na fara bincike da kaina, ni da aikina alli ne da allo. Ranar da babu aji sai in fita hanyar Agye ni kaɗai kamar mahaukaci, in kai ta tamanin, in saki giya ta tafi da kanta. Rawa ba ta daina ba, na ce to ba inji ba ne. In taka birki a hankali in saurara, babu abin da ya ƙaru, na ce ba birki ba ne. A hannu nake jin ta, ba a mazauni ba, direbobin tasha kuma sun gaya mini in a hannu ce to gaba ce. Abin da ya fi ruɗa ni shi ne ba ta da kalma ɗaya. Wata rana ta yi tsanani, wata rana ta yi sauƙi har in fara murna. Uwar yarana ta ce tun da aka fara wannan abu ko a kan tuwo hannuna riƙe yake da sitiyari. Ta yi gaskiya, don na daina jin abin da ake faɗa mini a gida.

A Maraɗi akwai masu na'urar da ke juya taya ta nuna inda nauyi ya karkata, a manna darma a ɗaya gefen. Wata rana na bar Baba a layin likita na ruga can. Mai na'urar ya ɗora tayar, ta juya, ta nuna lamba, ya manna darma. Ya sake juyawa don ya tabbatar, ta nuna wani wuri dabam. Ya cire ya mayar can, ta sake canza magana. Ya dubi na'urar, ya dube ni, ya ce yau wutar ce ba ta da ƙarfi. Ya manna darma nan da can ya sallame ni. A hanyar komawa ta yi mini ladabi har Cadawa, na fara yi wa Baba albishir, kafin in rufe baki ta dawo.

Wani direban tasha ne ya ba ni shawara in mai da tayoyin gaba baya, na baya gaba, in ga ko rawar za ta bi su. Shawara ce mai kyau, sai dai lokacin da na yi ta. An juya tayoyin ana gobe tafiya, ban samu fita gwaji ba. Da muka hau gudoro sitiyari ya tsaya cak a hannuna, har na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Ashe rawar ta koma baya, daidai ƙarƙashin inda Baba yake kwance. Ni ina gaba ina jin daɗi, shi yana baya ana dakan ƙashinsa, kuma ban ankara ba sai da muka kusa Cadawa na ji wani sauti ya fito daga bakinsa wanda ban taɓa ji ba. Na tsaya gefen hanya. Fuskarsa ta jiƙe sharkaf, ban san ko gumi ne kaɗai ba.

Da na mai da shi ƙauye, ya zauna bakin gadonsa ya ce, "Ni dai na gama tahiya. Wagga hanya ta ishe ni."

"Baba, robar fa? Allurar fa?"

"A canza mani robar nan Kanan-Bakashe. Allura kuwa, in da kwana a gaba ana gani."

Na roƙe shi, na sa kawuna ya roƙe shi, Inna ta yi kuka. Na aro motar wani abokin aikina na zo da ita har ƙofar gida, ya leƙo ya ce ba ya shiga motar mutane ya ɓata musu kujera. Motar haya kuwa ba a ma tayar da zancenta. A ƙarshe dai ya ce in motata ta daina rawa, in zo mu yi magana. Ya faɗi haka ne yadda ake faɗa wa yaro don ya bar mutum ya huta.

Aƙalla yanzu na san inda abin yake, tayoyi biyu ne. Amma tayoyin lafiyarsu lau a ido, ba ƙari, ba tsaga, zanensu bai cinye ba. Mai faci ya mirgina su, ya tsoma su a ruwa, ya ce ba su da komai. Makanikena ya ce ai shi tun farko ya san janti ne ya lanƙwashe, wato ƙarfen da taya take zaune a kai. Na ba wani mai zuwa ƙetaren iyaka saƙon janti biyu. Ya ce mako mai zuwa. Damina ta sauka, jarrabawa ta zo, mutumin ya yi ta ce mini mako mai zuwa. Ranar likita ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce. Nakan je ƙauye in tarar Baba ya ƙara ramewa, mu gaisa, mu yi zancen ruwa da shuka, ni da shi kowa yana kauce wa zancen mota. A lokacin nan in na kwanta ba barci nake yi ba, jikina ne kawai yake ajiye.

Da jantin suka iso na kai wa mai faci ya sauya. Ya sace iskar, ya sa ƙarfe ya ɓanɓare tayar daga bakinta, sai wani abu ya faɗo ƙasa tim. Dunƙule ne kamar curin fura, baƙi-baƙi, ya bushe ta waje, da ya taka shi kuma cikinsa da danƙo. Akwai wasu ƙanana suna yawo a cikin tayar, wani kuma ya manne a gefe. Ɗaya tayar ma haka.

"Mushe, mi ka zuba ma tayarka?" ya tambaye ni. "Ni dai ban taɓa ganin irin wannan ba."

Na tsuguna na ɗauki dunƙulen na ɓare shi. Ga zaren auduga, ga toka. Tun kafin in kai shi hanci na san warin. Na zauna a kan wata tsohuwar taya da dunƙulen a hannuna, har mai facin ya tambaya ko lafiya. Abin da ke tafiya da saurin shanu, irin amalanke, ba ya damuwa da dunƙule a cikin taya, ko tubali ka sa masa ba zai ji ba. Baba bai taɓa tuƙa abin da ya wuce saurin shanu ba.

Ban ma sa sababbin jantin ba. Aka kankare tayoyin, aka wanke, aka mayar. Na fita hanyar Agye, tamanin, casa'in, har na wuce, makullai suna rataye ko motsi ba sa yi. Na ɗauka ranar da na rabu da rawar nan zan yi murna. Ban yi ba, gajiya ce kawai ta sauko mini gaba ɗaya, na tsaya gefen wata gona na kifa kaina a sitiyari.

Washegari na tafi ƙauye. Na tarar da Inna tana tsintar wake a tsakar gida, na zauna kusa da ita, na tambaye ta a hankali ko Baba ya taɓa yin wani aiki a motata.

"Au, sai yanzu ka sani?" ta ce tana dariya. "Ran da ka tahi gaisuwar mutuwa ka bar ta ƙohwar gida. Ni na daka mashi ƙaron. Ya aika aka kira abokinshi mai gyaran amalanke, shina zaune bisa kujera shina nuna mashi. Haɗin bai isa huɗu ba, suka yi na gaba. Ya ce kada a hwaɗa maka, kai ɗan lakwal ne, hana shi za ka yi."

Na ce mata Allah ya saka da alheri. Ban gaya mata sauran ba.

Baba yana kwance a ɗaki, ya zama kamar rabin kansa. Na gaishe shi, na ce mota ta daina rawa.

"Da gaske ko irin ta wancan karon?"

"Da gaske, Baba. Na gwada da kaina."

"Mi aka samu?"

"Wani ƙarhe ne ya saki ta ƙasa," na ce. "An ɗaure shi."

Ya gyaɗa kai, ya ce ai ƙarfen zamani ba shi da amana. Sannan na ga bakinsa ya ɗan motsa irin na mai ɓoye dariya.

"Amma tun ran nan ta gindin gawo, ƙaya ta sake tsai da mu?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

"To," ya ce, ya lumshe ido. A duk watannin nan ban ga fuskarsa ta saki haka ba.

Ya yarda ya bi ni. Da muka zo fita ya sa Inna ta jawo wata jarka ƙarama daga ƙarƙashin gado, an toshe bakinta da tsumma. Ya ce na sauran tayoyi biyun ne, ya daɗe da haɗawa, in zuba musu in na samu sarari, tunda Inna ta gaya masa asiri ya tonu. Na karɓa da hannu biyu na sa a but.

A tafiyar nan ya yi barci tun daga Gazawa har muka shiga Maraɗi, abin da bai taɓa yi ba. Ina tuƙi ina leƙensa a madubi, bakinsa a buɗe, hannunsa a sake a kan cikinsa. Likita ya duba shi, ya kira ni gefe ya tambayi dalilin da ya sa muka ɓace. Na ce mota ce ta lalace. Ya dube ni yadda ake duban mutumin da ya kawo ƙaramin dalili a kan babban abu, ya ce ciwon ya yi nisa a tsakanin nan, za a dai yi abin da za a iya. Ban san ko watannin da muka rasa su ne suka yanke hukunci ba, likitan ma bai ce haka ba, ni kuma ban tambaya ba don ba na son amsar. Mun sake yin tafiyar nan 'yan lokuta, duk a cikin kwanciyar hankali, duk yana barci. Ya rasu da kaka, ana cikin yankan gero.

Motar tana nan, ta ƙara tsufa, ta koyi wasu sababbin halaye, amma ba ta sake rawa ba. Jarkar ma tana but inda na ajiye ta. Abin da ke ciki ya bushe ya dunƙule, in na faɗa rami sai in ji shi yana bugun gefen jarkar. Uwar yarana ta sha tambayata mene ne wannan ƙwanƙwasa a baya, ta ce in kai wa makanike ya duba. Nakan ce mata na san ko mene ne, ba abin gyara ba ne.